Daga Juji Zuwa Aji: Kalmomin Shara na Hausa a Matsayin Mabuɗin Koyar da Tattalin Muhalli a Makarantun Firamare na Arewacin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda za a koya wa ɗaliban firamare rage shara da sake sarrafa ta, ta hanyar amfani da abin da harshen Hausa da al'adar masu shi suka riga suka tanada. An taƙaita nazarin ga ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi. An ɗora shi bisa ra'in filin ma'ana, inda aka ƙwanƙwance kalmomin shara da datti da ƙazanta da juji da bola da jari-bola, sannan aka waiwayi sana'o'i da ɗabi'un tattali na gargajiya. Maƙalar ta nuna cewa tsohon tsarin zubar da shara na Bahaushe ya ginu ne a kan zaton cewa duk abin da aka yar zai ruɓe, kuma shigowar leda ce ta rushe wannan zato ba tare da harshe ya samar da kalmar da za ta rarrabe ba. Saboda haka abin da yaro ya fi buƙata shi ne iya rarrabe shara gida uku: mai ruɓewa, da mai sayuwa, da wadda ba ta ruɓewa kuma ba ta sayuwa. An kawo samfurin darasi da abubuwan da ya kamata malami ya kiyaye.

Fitilun kalmomi: shara, juji, bola, leda, tattali, koyarwa, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙofar wata makarantar firamare a Kawo ko Badarawa ko Unguwar Shanu bayan an tashi tara, zai iske abu guda: ledojin ruwa da na biskit da na awara warwatse daga bakin aji har cikin kwata. Kashegari da safe a sa waɗanda suka makara su tsince su, a tara a bayan aji, a cinna wuta. Yaron da ya yi wannan aiki, shi ne kuma za a tambaya a jarrabawa ya lissafo hanyoyin kula da muhalli, ya kuwa lissafo su daidai. Tsakanin abin da ya haddace da abin da hannunsa ya aikata akwai wawakeken giɓi, kuma wannan giɓi shi ne abin da maƙalar nan ta sa a gaba.

Batun ilimin muhalli ba baƙo ba ne. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Istokholm a 1972 ya yi kira gare shi, taron Tibilisi na 1977 kuma ya shimfiɗa manufofinsa. A Nijeriya, manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara ta sanya batutuwan muhalli cikin darasin kimiyya tun daga firamare, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Sai dai saƙon yakan iso aji ne cikin wasu kalmomi uku na Ingilishi masu farawa da harafi iri ɗaya, waɗanda ma'anarsu ita ce ragewa, da sake amfani, da sake sarrafawa. Daɗin kalmomin a kunnen mai jin Ingilishi shi ne karinsu. Da zarar an fassara su karin ya tafi, in kuwa ba a fassara ba ma'anar ce ke tafiya. Hujjar wannan maƙala ita ce, ba fassara ce farkon aiki ba. Farkon aiki shi ne a duba abin da yaro ya riga ya sani da bakin uwarsa, a gano daidai inda sanin ya gaza, a ɗora darasi a wurin.

1.1 Farfajiyar Nazari

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. Ɓangaren arewa ya ƙunshi Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, da unguwanni irin su Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa da Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Kabala Doki, haɗe da wasu unguwannin da ke ƙarƙashin wasu ƙananan hukumomi, kamar Tudun Wada da Rigasa. Birni ne da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, don haka tun asali mahaɗar al'ummomi ne: Gbagyi da Hausawa da Fulani da Nufawa da Yarabawa da Ibo da al'ummomin kudancin jihar. Hausa ce harshen kasuwa da na filin wasa ga mafi yawan yaran wannan ɓangare, har waɗanda ba ita ce harshen gidansu ba.

Dalili biyu suka sa aka zaɓi wurin. Na farko, magudanan ruwan unguwannin duk kogi suke nufa, kuma a damina mazauna gefen kogi sun san ambaliya. Na biyu, a nan ne kasuwar Panteka take, wadda tsohuwarta ke Tudun Wada daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda maƙera da masu walda da kafintoci ke mayar da tsofaffin ƙarafa da katako kayan amfani. Wato matsalar da wani ɓangare na maganinta suna zaune a gari ɗaya.

1.2 Ra'i da Hanyar Nazari

An ɗora nazarin bisa ra'in filin ma'ana, wanda ake dangantawa ga masanin harshe Bajamushe Jost Trier da aikinsa na 1931. Ra'in yana ganin cewa kalma ba ta samun ma'ana ita kaɗai, sai ta hanyar iyakokin da ke tsakaninta da 'yan'uwanta masu tarayya a fage ɗaya. Idan sabon abu ya shigo rayuwa, ko dai a yi masa sabuwar kalma, ko a cusa shi cikin tsohuwa, kuma kowanne yana da sakamako ga yadda ake mu'amala da abin. Ta fuskar koyarwa, an jingina ga abin da gwajin Ile-Ife ya nuna, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, cewa yaro yana fahimtar kimiyya da lissafi sosai idan aka koya masa da harshen da ya tashi da shi. Bayanan da aka yi amfani da su kalmomi ne da karin magana na yau da kullum, da sana'o'in da kowa ke iya gani a titunan birnin.

2.0 Filin Ma'anar Shara a Hausa

2.1 Shara da Datti da Ƙazanta

Kalmar shara tana da alaƙa da aikatau share. Tana nufin aikin, tana kuma nufin abin da aikin ya tara. Abin lura shi ne, ma'anarta ba ta dogara ga irin abin ba, sai ga inda yake. Ganyen darbejiya a kan bishiya magani ne, a tsakar gida shara ne. Datti kuwa abu ne da ya manne wa jiki ko tufa ko kwano, kuma maganinsa wanki. Ƙazanta ta fi su nauyi, domin tana ɗauke da ƙyama, tana kusantar najasa ta fuskar addini, kuma takan koma siffar mutum, a ce wane ƙazami ne.

Dukkan ukun suna amsa tambaya ɗaya: yaya za a raba abin da ni? A share, a wanke, a kawar. Babu wadda ke tambayar inda abin zai je bayan an kawar da shi. Shi ya sa gida zai kasance fes, ƙofar gidan kuwa kwata cike. Wanda ya yi haka bai saɓa wa maganar nan ta tsafta cikon addini ba kamar yadda ya fahimce ta, domin a filin ma'anarsa aikin tsafta ya ƙare a bakin zaure. Malamin da ya shiga aji ya ce “mu riƙa tsafta” bai faɗa wa yaro sabon abu ba.

2.2 Juji da Bola

Juji wuri ne da ake tara shara a bayan gida ko a gefen unguwa. A tsohuwar rayuwa abin da ke hawa kansa sananne ne: toka, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da kashin awaki, da ragowar abinci, da tsummokaran auduga. Kaji su yi tono, ruwan sama ya jiƙa, rana ta dafa, kafin damina ya zama taki a kwashe zuwa gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, a nazarce-nazarcensa kan ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya bayyana yadda jakuna ke shigar da itace birni su fito da taki, har gonakin suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Juji ke nan matattara ce a kan hanya, daga gona zuwa tukunya, daga tukunya zuwa gona.

A bakin mazauna birane a yau kalmar bola ta fi yawo, kuma hoton da take kawowa daban ne: tsibi mai hayaƙi, mai walƙiyar leda, wanda ba ya raguwa sai an kawo mota. Duk da haka mutane suna ɗaukar kalmomin biyu a matsayin masu ma'ana ɗaya, suna kuma zuba wa bola abu da irin natsuwar da kakanninsu ke zuba wa juji. A nan kuskuren yake. Hannu bai sauya ɗabi'a ba, abin da ke cikin hannun ne ya sauya.

2.3 Jari-bola

Harɗaɗɗen sunan jari-bola ƙirƙira ce ta masu harshen da kansu, ba ta kwamitin fassara ba. Ya haɗa kalmomi biyu da a da ba sa zama inuwa ɗaya: jari, wato dukiyar da ake juyawa, da bola, wato abin da aka yar. Tare da shi akwai 'yan gwangwan da baban bola, masu yawo da kura ko buhu suna sayen tsohon ƙarfe da alminiyam da robobi da takalma, su kai wurin awo. Wannan kalma ɗaya ta riga ta faɗi abin da litattafai ke kewaye-kewaye kafin su faɗa, cewa wani abin da aka yar kuɗi ne. Sai dai tana ɗauke da tabo. Iyaye kan tsorata yaro da cewa in bai yi karatu ba ɗan bola zai zama, kuma satar ƙarafan gwamnati da wayoyin lantarki da wasu ɓata-gari ke yi ta shafa wa masu sana'ar baƙin jini. Dole malami ya san da wannan tabo kafin ya ɗauko kalmar.

3.0 Tattali a Rayuwar Bahaushe

Idan ana neman kalmar da za ta riƙe darasin gaba ɗaya, tattali ce. Ta ƙunshi kula da abu, da tsimi wajen amfani da shi, da ƙin barin sa ya lalace. Kishiyoyinta su ne ɓarna da almubazzaranci, waɗanda Alƙur'ani ya yi hani da su a surori irin su A'arafi da Isra'i. Yaran da suka fito daga gidajen Kirista su ma sun san labarin da ke cikin Bisharar Yahaya, inda aka umarci almajirai su tattara gutsattsarin gurasar da ta rage bayan an ciyar da taro. A aji mai gauraye irin na Kaduna, wannan tarayya abin riƙewa ce.

A ɗakin girki, tuwon da ya kwana ɗumame ne, wanda ya kama tukunya ƙanzo ne, a shanya shi a yi kwaɗo. Dusa ta dabbobi ce, toka a tace ta a sami ruwan toka, kara a yi darni da shi. Ko karin maganar da ke cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, duk da gargaɗi take yi, ta tabbatar da cewa toka tana da kasuwa. A fagen sana'a, gyartai yana ɗinke ƙwaryar da ta tsage, in ta wuce ɗinki ta zama sakaina, ita ma da nata aikin. Da kayan Turawa suka shigo, wannan hikima ba ta tsaya ba: gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal da mazubin alale, tsohon tayar mota ya zama takalmi, robar cikinsa ta zama guga, buhun da ya yage aka warware shi aka tufka igiya. Yara ma suna da nasu: ƙwallon tsumma da motar gwangwani. Abin da ake yi a Panteka ci gaban wannan tarihi ne da injin walda. Haka ma gidajen kwalaben roba cike da yashi da ƙungiyar DARE ta fara ginawa a ƙauyen Yelwa kusa da Kaduna, waɗanda labarinsu ya zaga duniya a 2011.

Wannan ya nuna cewa biyu daga cikin manufofin uku, wato sake amfani da sake sarrafawa, ba sa buƙatar a shigo da su daga waje. Yaro yana ganinsu kullum, sunansu kawai ba a haɗa masa da darasi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

4.0 Inda Leda ta Karya Tsarin

Kalmar leda aro ce daga kalmar Ingilishi mai nufin fata, roba kuma daga mai nufin danƙo. Dukkansu sunaye ne na abubuwan da asalinsu dabba ne ko tsiro, aka ɗora wa abin da aka ƙera daga sinadaran man fetur. Sunan bai gargaɗi kowa ba.

Leda ta sha bamban da duk abin da juji ya saba karɓa ta fuska uku. Ta farko, ba ta ruɓewa. Ƙananan halittun da ke cinye ganye da ɓawo ba su da hanyar narkar da ita cikin sauƙi. Rana takan sa ta dagargaje ƙanana-ƙanana, amma dagargajewa ba ruɓewa ba ce. Manoman fadamar bakin kogi da ke sayen takin bola sai sun tsaya tsince ta. Ta biyu, ba ta da nauyin da zai sa a saye ta da daraja. Ɗan gwangwan da nauyi yake ciniki, don haka ya fi son ƙarfe da alminiyam da roba mai kauri. Baƙar ledar cefane da ledar biskit mai ƙyalli kusan babu mai nemansu, ledar ruwa kuwa sai an tara da yawa kafin ta yi kilo. Ta uku, ba ta da tsada, har mai shago yana bayar da ita kyauta, kuma abin da aka samu a banza ba a tattalinsa.

Sakamakon a bayyane yake. Leda tana toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, ko ya malala cikin gidaje. Akuya da saniya suna haɗiye ta, ta cunkushe a tumbi, dabba ta rame tana ci, kuma mahauta sun san wannan sarai. In aka ƙona ta, hayaƙin yana cutar da huhu, balle na yara. Irin waɗannan dalilai ne suka sa Bangaladash ta hana siraran ledoji a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na soso a farkon 2024. Ga abin da ba ya ruɓewa kuma ba ya sayuwa, dabara ɗaya ce ta rage: a rage shigowarsa hannu. Rigakafi ya fi magani. Wannan manufa ta ragewa ita ce sabuwa ga yaro, ita ce kuma ta fi wuya, amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a bukukuwan ranar muhalli ta 5 ga Yuni, inda hankali ke tafiya ga furannin roba da aka yi don nuni.

5.0 Samfurin Darasi: Kashi Uku

Ana iya gudanar da wannan darasi a aji huɗu zuwa shida, cikin mako shida, ba tare da sayen komai ba. Ya fi kyau malamin Hausa da na kimiyya su haɗa hannu.

5.1 Tambayoyi Biyu

Nahawun Hausa ya sauƙaƙa aikin. A tsarin rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, giredi na bakwai, mai ƙarewa da wasalin u, idan ya zo a lokaci mai ci yana nuna yiwuwar abu: yana gyaruwa, yana ɗinkuwa, yana wankuwa, yana sayuwa. Yaro ɗan shekara tara yana amfani da wannan siga ba tare da an koya masa ba. Malami zai ɗaga abu ya yi tambaya biyu kacal.

Malama: Yara, wannan ɓawon lemon yana ruɓewa?
Ɗalibai: Yana ruɓewa, Malama.
Malama: To, na ƙasa ne. Wannan gwangwanin fa?
Ɗalibai: Ba ya ruɓewa.
Malama: Yana sayuwa?
Ɗalibai: Yana sayuwa, 'yan gwangwan suna saye.
Malama: To, na kasuwa ne. Wannan baƙar ledar fa?

A nan ajin yakan yi shiru, kuma wannan shirun shi ne darasin. Abin da ba na ƙasa ba, ba kuma na kasuwa ba, na wane ne? Amsar ita ce, namu ne, yana nan tare da mu. Ana iya barin yaran su raɗa wa kashi na ukun suna da kansu, kamar ƙi-ruɓe ko zauna-daram. Sunan da suka ƙirƙira ya fi zama a bakinsu fiye da wanda aka rubuta a allo.

5.2 Gwajin Binnewa

A makon farko a haƙa ƙananan ramuka huɗu a gefen fili, a binne ɓawon ayaba a ɗaya, takarda a na biyu, tsumman auduga a na uku, ledar ruwa a na huɗu. A kafa alama, a riƙa yayyafa ruwa in rani ne. Kowane yaro ya rubuta hasashensa da Hausa. A mako na shida a tone. Ɓawon zai kusa ɓacewa, takardar ta ruɓe ko ta yi laushi, tsumman ya fara cinyewa, ledar kuwa a wanke ta a karanta rubutun jikinta. Gani ya kori ji.

5.3 Ƙidaya

A mako na biyu a ƙirga ledojin da aji ɗaya ya zubar a rana. A ɗauka, a matsayin misali, aji mai yara 60, kowa ya sha ruwan leda ɗaya a rana. A kwana biyar an sami 300, a zangon karatu mai mako 13 an sami 3,900. Daga nan sai tambaya: in rabin ajin suka riƙa zuwa da gorar ruwa daga gida, nawa za a rage? In mai awara ta zuba wa yaro a ɗan kwanonsa maimakon leda fa? Lissafin ya zama na abin da ke gabansu, ragewa kuma ta zama lamba da za a iya sake aunawa a ƙarshen zango.

5.4 Tattara Kalmomi da Baƙon Aji

A mako na uku a tura kowane yaro ya tambayi kakarsa ko wani dattijo: da me ake ƙunshe tsire da ƙosai da goro kafin zuwan leda? Me ake yi da ƙwaryar da ta fashe? Yaran da ke da wani harshe a gida su kawo kalmomin nasu harshen, a jera su kusa da na Hausa. A mako na huɗu, da izinin shugaban makaranta, a gayyato maƙeri daga Panteka ko mai zubin tukwanen alminiyam ya nuna abin da ya ƙera da abin da ya ƙera shi da shi. Wannan ziyara ce za ta wanke tabon da aka ambata a 2.3, domin yaro zai ga gwani ne a gabansa. Mako na biyar na rubutu ne: insha'i, ko gajeren wasan kwaikwayo tsakanin Leda da Ƙwarya, ko wasiƙa zuwa ga mai unguwa.

6.0 Abubuwan Kiyayewa

Na farko, a daina mayar da tsintar shara horon makara. Muddin tsintsiya bulala ce, yaro zai tashi yana ganin kula da muhalli aikin mai laifi ne. A raba aikin bisa juyi, maza da mata, har da shugabannin ɗalibai.

Na biyu, kada darasin ya zama ƙofar fita daga makaranta. Yaron da ya gano cewa buhun gwangwani yana kawo kuɗi, gidansu kuma ana fama, zai iya zaɓar bola a kan aji. Saboda haka kada a sa gasar wanda ya fi kawo kaya daga waje. Abin da za a tara shi ne wanda aka samar a cikin makaranta, kuɗinsa kuma ya shiga asusun aji a bainar kowa, a sayi alli ko tsintsiya.

Na uku, lafiya. Kada yaro ya taɓa allura ko fasasshiyar kwalba ko tsohon batir ko mazubin maganin ƙwari. A wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki. A kuma daina ƙona shara a harabar makaranta, domin wuta ɗaya a bayan aji tana rushe darasin mako shida.

Na huɗu, kada a ɗora wa yaro nauyin da ba nasa ba. In ya rarrabe shara gida uku, sannan ya ga an haɗe ta a kura ɗaya an juye a kwata, zai koyi cewa maganar manya wasa ce. Kashi na farko makaranta za ta iya riƙe shi a ramin taki, na biyu a yi yarjejeniya da amintaccen mai saye, na uku kuwa sai hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, da ƙaramar hukuma sun tabbatar da kwashewa. Tsinke ɗaya ba ya shara.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kalmomin shara da datti da ƙazanta suna koyar da kawarwa ne kawai, juji ya ginu a kan ruɓewa, jari-bola kuma a kan sayuwa, sannan leda ta faɗo a tsakani ba tare da gurbi ba. Aikin malami shi ne ya buɗe wannan gurbi a tunanin yaro, da kalmomin da yaron ya mallaka. Ana ba da shawara ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, su sanya irin wannan darasi cikin bitar malamai. Sassan Hausa na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Jihar Kaduna, suna da aiki biyu a gabansu: tattara kalmomin sana'ar gwangwan da na Panteka daga bakin masu su, da gwada wannan samfuri a azuzuwa na zahiri domin a auna ko ledar da ake zubarwa ta ragu. Haka kuma ya dace a duba yadda za a daidaita shi da makarantun Islamiyya da na allo, inda ɗimbin yaran waɗannan unguwanni ke karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarawar ya san inda ya karkace.